Tambayar da Ɗaukewar Wuta Ta Katse

Yako,
Ƙaramar Hukumar Kiru,
Jihar Kano.
Agusta, 1999.

Zuwa ga Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Barakatu da yara gaba ɗaya. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗagawa? Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya tsare ku daga sharrin da kuke gani da wanda ba ku gani, amin. Mu nan duk lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Na je Ƙofa ranar Juma'ar da ta wuce na ga Inna. Gwiwar ta yi sauƙi sosai, har tana zagaya kajinta da kanta, sai dai ba ta yarda ta riƙe sandar da ka aiko mata, wai ita ba ta kai nan ba tukuna. Damina ta yi kyau bana. Masarar gonar bayan gari ta fitar da goyo, gyaɗa ma ta rufe ƙasa, kuma Sale ya ce in gaya maka saniyar nan taka da ke wajen su Ardo Buba ta haihu, maraƙi namiji. Maigidana Baban Fatima yana can yana fama da yawon ƙauyuka, tun da aka fara ruwa ba ya zama, ka san aikin malamin gona.

Yaya, akwai maganar da ta sa na ɗauki biro, kuma ina so ka karanta ta a zaune, ba a ofis ba. Abin da zan fara gaya maka shi ne, 'yarka Dije lafiyarta ƙalau, tana nan gidana, yanzu haka ma ina jin muryarta a tsakar gida tana yi wa Fatima kitso. Na fara da wannan ne don kada zuciyarka ta tsinke in ka ci karo da sunanta a gaba. Wani abu ya same mu tun zangon karatu na biyu. Ban rubuto maka ba saboda ita ta roƙe ni da kuka kada in faɗa, ni kuma a lokacin ba ni da abin da zan gaya maka sai zargi da ruɗani. Yanzu gaskiya ta fito.

Ka tuna kwamfutar da ka bar mini bara, da firintarta, lokacin da aka ba ka sabuwa a wajen aiki. Kai da kanka ka ce Lawal, abokinka tun na firamare, shi zai haɗa mini ita, kuma ya riƙa leƙowa daga Kano yana duba ta, tunda aikinsa ke nan. Haka kuwa aka yi. Ya zo ya haɗa, ya nuna mini yadda ake kunnawa da kashewa da adana rubutu, ban ɗauki lokaci ba hannuna ya faɗa. Da Hajiya Turai, shugabar makarantarmu, ta ga irin takardun da nake fitarwa fes ba gogewa, sai ta ce duk tambayoyin jarrabawar makaranta a riƙa kawo mini ina bugawa a gida, a huta da tsohon tafiretan nan mai cin haruffa. Na ji daɗi ƙwarai. Malamai su kawo mini tambayoyinsu a cikin ambulan, in shiga ƙuryar ɗaki in rufe ƙofa in buga, in fitar, in goge daga kwamfutar, in kai wa Hajiya hannu da hannu. Lawal kuma yakan zo ƙarshen wata, ya ci tuwo da mu, ya fito da wani disket, ɗan faifan kwamfuta, daga aljihun rigarsa, ya ce maganin bairos ne, wato cutar da ke kama kwamfuta. Ya saka, ya ɗan danna abubuwa, ya cire, ya ce an yi mata riga-kafi. Ni kuwa ina ta sa masa albarka.

A jarrabawar zango na biyu ne abin ya fashe. Ranar lissafi, malamar da ke tsaron ajin su Dije ta kama wata yarinya da takarda a cikin safa. Da aka buɗe, sai ga tambayoyin ranar gaba ɗaya, ba a canja ko kalma ɗaya ba, ga amsoshi a ƙasa. Aka caje ajin, aka samu wasu da dama da irinta. Aka duba jakunkuna, sai ga na kimiyya da na Turanci waɗanda ba a ma rubuta ba tukuna. Yaya, ina tsaye a ofishin Hajiya ina kallon takardun nan a kan tebur, har wani kuskuren rubutu da na yi a tambaya ta uku yana nan a ciki. Yaran suka ce wajen wani mai kantin kayan rubutu a Kwanar Dangora suke samu, 'yan jeka-ka-dawo ne ke shigo da su. Da aka aika a tambaye shi, ya rantse bai san komai ba, amma a cikin yaran akwai wadda ta ce ta ji shi yana cewa kayan nasa daga gidan Malama Safara'u suke fitowa, don haka ba sa kuskure.

Aka kafa kwamiti. Ni ba wanda ya fito fili ya zarge ni, wataƙila saboda shekarun da na yi a makarantar, amma aka karɓe aikin bugun daga hannuna. Sai ido ya koma kan Dije. Ita ke kwana a gidan da kwamfutar take, ita ke share ɗakin, ga shi kuma ita ta zo ta ɗaya a lissafi a zangon farko. Aka kira ta gaban malamai maza da mata, aka yi ta juya mata tambaya ɗaya. Ta ce ita ba ta taɓa kunna na'urar ba in ba ina zaune kusa da ita ba. Wani malami ya ce ai yaran yanzu sun fi mu sanin kan waɗannan abubuwa, ta iya kunnawa ina makaranta. Na tashi na yi magana, na ce yarinyar nan a hannuna ta tashi, na san abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Aka ce da ni ai ni gwaggonta ce, dole in faɗi haka. Ƙarshe aka yanke cewa ta zauna a gida har a gama bincike. Binciken da ba a sake zama a kansa ba.

Ban san yadda zan kwatanta maka halin da ta shiga ba. Yarinyar da ka sani da surutu da dariya ta koma ba ta cewa komai. Ta daina zuwa islamiyya saboda 'yan mata suna nuna ta da baki, har waƙa aka yi mata a hanyar rijiya. Da safe in ina shirin tafiya makaranta sai ta shige ɗaki don kada ta ga 'yan ajinsu suna wucewa da kayan makaranta. A cikin wannan halin Lawal ya zo kamar yadda ya saba. Na ba shi labari, ya riƙe baki yana salati. Ya sa na kira masa Dije, ta zo ta durƙusa, ya ba ta burodin da ya riƙo mata daga Kano, ya ce ta yi haƙuri, Allah Yana tare da mai gaskiya, shi ya san 'yar Hamidu ba za ta yi haka ba. Har ƙwalla na ga ta taru a idonsa. Daga nan ya miƙe ya shiga ɗaki ya saka disket ɗinsa, ya yi wa kwamfuta riga-kafi.

Da na ga zaman Yako yana neman ya kwantar da ita, sai na kai ta Ƙofa wajen Inna. Na gaya wa Inna cewa hutawa ta zo yi, amma ka san Inna, kallo ɗaya ta yi mata ta gane. Ɗakin kwamfuta kuma na sa masa sabon kwaɗo, makullin yana cikin jakata duk inda na je.

Da jarrabawar ƙarshen shekara ta matso, aka ce kowane malami ya rubuta tambayoyinsa da hannu ya kai ofis. Wata ranar Lahadi da hantsi na ga akwai wuta, gidan kuma shiru, sai na ce bari in tsara nawa a kwamfuta tukuna, don na saba tunani ina dannawa, in na gama in kwafe da biro. Na yi nisa, ina cikin buga wata tambaya a kan tanki da famfo biyu suke cika shi, hadari ya taso, aka ɗauke wuta. Ban adana komai ba. Da wuta ta dawo washegari na kunna, na duba ko'ina, babu ko harafi ɗaya. Haushi ya kama ni, na bar na'urar, na zauna da littafi na tsara wasu tambayoyin daban gaba ɗaya, su na kai ofis. Waɗancan na farko babu wanda ya gan su, ban fitar da su a takarda ba, ban faɗa wa kowa ba, ni kaina na manta da rabinsu. Ƙarshen watan Lawal ya zo ya tafi.

Ranar jarrabawar lissafi ina zagaya ajin, na lura wasu yara sun yi tsuru-tsuru, suna juya takardar tambaya gaba da baya kamar an ba su ta wani ajin. Wata ta kifa kai a tebur tana kuka. Malamar da ke tsaro ta ɗaga ta, sai ga takarda a ƙarƙashin cinyarta. Aka miƙo mini. Yaya, na fara karantawa, ta ɗaya, ta biyu, ina jin kamar na san su, amma ba su ne na kan tebur ba. Da na kai ta ƙarshe sai na ga tanki da famfo biyu. Tambayar ba ta ƙare ba. Ta tsaya a tsakiyar kalma, daidai wurin da yatsana yake lokacin da wuta ta ɗauke. Wanda ya kwafa har ya rubuta a gefe cewa sauran bai fito ba.

Na zauna a kan bencin ɗalibai ina maimaita innalillahi. Rubutun da ni mai shi na nema na rasa, ga shi a hannun yarinya, ya yi tafiya har Kwanar Dangora ya dawo. Dije tana Ƙofa. Makulli yana jakata. Na kai wa Hajiya Turai takardar, na ba ta labari tun daga farko. Ta ce, in har abin da na faɗa haka yake, to mun zalunci yarinya, amma kuma in sani cewa yanzu ba wanda ya rage a cikin maganar sai ni kaɗai. Ban ga laifinta ba. Da na koma gida ban iya shiga ɗakin nan ba. Ina jin kamar akwai wani mutum a zaune a ciki yana jirana. Maƙwabciyarmu da ta ji, cewa ta yi in sa a yi rubutu a yayyafa wa na'urar, don ita dama ba ta yarda da akwatin da ke mayar wa mutum magana ba.

Baban Fatima ne ya ce a bar zato, a kai ta wajen wanda ya san cikinta. Na ce to a aika wa Lawal. Ya ce a'a, a samu wani idon daban. Akwai wani Malam Hamman, mutumin Doguwa, da suka yi makaranta tare, yanzu yana koyar da ilimin kwamfuta a Zariya. Muka naɗe kwamfutar da bargo, muka ɗauke ta a mota, ina rungume da ita a kan cinya har muka isa.

Malam Hamman mutum ne mai sanyin magana. Ya saurari labarin bai katse ni ba, sai da na zo kan tambayar da ta tsaya a rabi ya ɗaga kai ya dube ni. Ya haɗa na'urar, ya shiga wasu wurare da ban taɓa sanin akwai su ba, baƙin allo da fararen rubutu suna ta gudu. Can ya ce in matso. Ya buɗe wani abu, ya juyo mini da fuskar kwamfutar, shi kuma ya kau da kansa gefe. Yaya, duk abin da yatsuna suka taɓa dannawa yana nan. Tambayoyin malamai da na goge. Tankin nan da famfunansa. Kalmar sirrin da nake buɗe na'urar da ita, wadda ko Baban Fatima bai sani ba. Bayanin ciwon da na yi fama da shi bayan haihuwar Fatima, wanda na tsara don in nuna wa likita mace, na kuma goge nan take saboda kunya. Har wuraren da na yi kuskure na koma baya na gyara, duk ya rubuta. Na rufe fuskata da mayafi. Ban taɓa jin an tsiraita ni irin na ranar ba, ga ni kuwa a lulluɓe.

Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce wani ɗan ƙaramin furogiram ne aka dasa a ciki, aka ba shi suna irin na kayan na'urar don kada a kula da shi. Da an kunna yake farkawa, ba ya nuna kansa, aikinsa kawai ya leƙi duk maɓallin da aka danna ya rubuta a wani ɓoyayyen wuri. Ko ka adana ko ba ka adana ba, ko ka goge, shi nasa yana nan. Na tambaye shi yadda abin yake fita daga ɗakina ya je hannun wani. Ya ce a manyan birane, inda ake haɗa kwamfuta da wayar tarho, irin wannan yana iya aika abin da ya tara da kansa, mai ita yana barci. Amma tawa ba ta haɗe da komai, don haka dole sai mutum ya zo da ƙafarsa, ya saka disket, ya kwashe. Sai ya tambaye ni, ban da ni, wa yake saka disket a cikinta.

Na juya na kalli Baban Fatima, na ga shi ƙasa yake kallo. A hanyar dawowa har muka wuce Tashar Yari tunanin Lawal nake yi. Ina ta tuna yadda duk zuwan da Lawal zai yi, da ya zauna gaban na'urar sai ya ce in taimaka masa da ruwa mai sanyi, ko in duba masa ko an tayar da sallah. Ni kuma in tashi da sauri, ina ganin ai ɗan'uwa ne. Duk da haka zuciyata ta ƙi yarda. Na ce wa Baban Fatima wataƙila shi ma bai san abin da ke cikin disket ɗin ba, wani ne ya ba shi. Ya ce to mu gwada mu gani, kada mu ɗauki alhakin wani kamar yadda aka ɗauki na Dije.

Dama Malam Hamman ya ce kada a taɓa komai tukuna, ya kuma nuna wa Baban Fatima yadda zai buɗe abin da aka kwafa. Na ba direban motar Kano saƙo ya kai wa Lawal shago, cewa an ba ni bugun jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida, ina so ya zo ya duba mini na'ura. Kafin ya zo na zauna na buga layi ɗaya tak, ban adana ba, na kashe. Ranar Asabar sai ga shi bayan azahar, da fara'arsa, har da lemo ya riƙo wa yara. Ya ci abinci, ya tambayi lafiyarka, ya tambaye ni a fakaice ko makaranta ta canja tambayoyi ne a jarrabawar da ta wuce. Ya shiga ɗaki, ya ce in ba shi ruwa. Na fita. Da na dawo ya riga ya cire disket yana mayarwa aljihu. A nan Baban Fatima ya shigo tare da mataimakin shugabar makarantarmu, Malam Dikko, wanda dama yana zaune a zaure. Baban Fatima ya ce masa cikin ladabi, don Allah ya ba shi aron maganin bairos ɗin nan ya gani. Lawal ya yi dariya ya ce ai ba abin da za su gane a ciki. Aka nace. Da aka saka aka buɗe, ga rubutuna na watanni, a can ƙasa kuma ga layin da na buga da safe: Yaya Lawal, me Dije ta yi maka?

Ya karanta. Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi. Bai yi musu ba, kuma wannan ya fi komai girgiza ni, don har lokacin ina fatan ya kawo wata hujja da zan kama. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Ya ce shi da farko don ya gwada ne ya saka, ya ga ko yana aiki. Daga baya mai kantin nan, wanda suka san juna a Kano, ya nuna masa cewa akwai masu nema. Ya ce ai ba makarantarmu kaɗai ake yi ba, ko'ina haka ake, kuma shi bai taɓa zaton abin zai faɗa kan Dije ba. Na tambaye shi, ranar da ya ba ta burodi ya ce Allah Yana tare da mai gaskiya fa, ranar ma ya kwasa? Ya sunkuyar da kai. Na sake tambaya. Ya ce ya kwasa. Na tambaye shi ko ya karanta abin da ba na jarrabawa ba. Wannan bai amsa ba, kuma ban ƙara tambaya ba. Na fita tsakar gida na tsaya riƙe da turmi.

Malam Dikko ya sa shi ya maimaita maganarsa a gaban Hajiya Turai da mai unguwa. Makaranta ta kai rahoto ofishin ilimi na shiyya, abin da za su yi da shi da mai kantin yana hannunsu. Mahaifiyar Lawal, Iya Tasalla, ta zo har Ƙofa wajen Inna tana kuka tana neman a rufa asiri. Inna ta ce mata ita ba ta da abin cewa, wadda aka ɓata wa suna ga ta nan zaune, kuma ubanta bai ma ji ba tukuna. Ranar da za a ba da hutu Hajiya Turai ta sa na ɗauko Dije. A gaban ɗalibai da malamai gaba ɗaya ta kira sunanta, ta ce makaranta ta yi mata kuskure, ba ta da laifin komai, kuma ita da kanta tana neman gafararta. Malamin nan da ya fi kowa matsa mata shi ma ya taso ya ba ta haƙuri. Za a shirya mata jarrabawarta ita kaɗai kafin a koma, don kada ta rasa shekara.

Kwamfutar kuma mun mayar da ita Zariya. Malam Hamman ya share cikinta kaf, ya sake zuba komai daga faya-fayan asali da ka haɗo da ita, waɗanda Allah Ya sa ban yar ba. Ya saka maganin bairos na gaskiya, ya nuna mini inda zan riƙa dubawa in ga abubuwan da ke tashi tare da na'urar in an kunna, in na ga baƙon suna in tambaya. Na canja kalmar sirri. Ya ja mini kunne kada in sake saka disket ɗin da ban san asalinsa ba, ko na wasa ne, ko kyauta aka ba ni, kuma duk mai gyaran da zai taɓa ta, ko waye shi, in zauna a gefensa har ya gama, in tambaye shi abin da yake yi. Ya ce in mai gyara ya ji haushin tambaya, to in canja mai gyara. Duk da haka har yanzu in na ɗora yatsuna a kanta sai in ji kamar ana leƙena ta bayan kafaɗa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a kai wannan takarda gidan waya gobe da sassafe. Na tuna da ƙaramar sallah da ka zo, a gabana Lawal ya ba ka irin wannan disket ɗin, ya ce ka saka a ta gida da ta ofis. Don Allah Yaya, in ba ka saka ba, ka karya shi. In kuwa ka riga ka saka, ka samu masu kula da na'urorinku ka gaya musu da bakinka tun kafin su gano da kansu, kada a wayi gari a ce kai ka dasa. Na kuma san kana nema masa aiki a wajenku, har ka ce zai sauka a gidanka. Ba zan gaya maka abin da za ka yi da abokinka ba, kai ka san abin da ke tsakaninku tun kuna yara, kuma na san wannan labari zai yi maka ciwo fiye da yadda ya yi mini. Amma ban ga yadda zan yi shiru ba.

Abu na ƙarshe shi ne Dije. Ta fara sakewa, tana cin abinci, jiya har na ji ta tana rera karatu. Sai dai da na gaya mata zan rubuto maka, ta ce, Gwaggo, da a ce ba a ɗauke wutar nan ba fa? Sai ta ce ita abin da ya fi tsaya mata a rai duk watannin nan shi ne, in labari ya kai kunnenka, shin kai ma za ka tsaya ka yi tunani kafin ka ce ba ita ba ce? Yaya, ka rubuto mata takarda tata ita kaɗai, da hannunka, kada ka haɗa da tawa. Ka ba ta amsar wannan.

Ka gaishe mini da Anti Barakatu da kyau, ka ce mata ta kwantar da hankalinta, 'yarta tana hannu nagari. Ka shafa mini kan Shitu da ƙannensa. Inna tana gaishe ku tana sa muku albarka, Sale da iyalinsa suna gaisuwa, Baban Fatima ya ce in isar masa da tasa ta musamman. Allah Ya tsare mu da ku, Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka kullum,
Safara'u.